Ba Kwamiti Ne Zai Dawo Mana Da Tanko Da Delu Ba

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci, malamin makaranta a nan Samaru, ya fitar da maƙala a kan sunayen da muke raɗa wa 'ya'yanmu. Maƙalar ta zagaya sosai, an yi ta muhawara a kanta a majalisu tun daga bakin kasuwar Samaru har Muciya. Maganarsa ta taru a kan abu uku. Na farko, sunayen Hausa na gargajiya suna mutuwa, kuma sunayen Larabci ne suka kashe su. Na biyu, mutanen arewacin Turai, wato Norwe da Suwidin da Denmak da Aisilan, ba sa jin kunyar sa wa jariransu sunayen kakanninsu na dauri irin su Astrid da Ingrid da Bjorn da Sigurd, don haka mu ma mu ajiye Abubakar da A'isha mu koma ga namu tsantsa. Na uku, a kafa kwamiti irin na Aisilan, ya tsara jerin sunayen Hausa na asali, a riƙa duba shi kafin a ba da takardar haihuwa, kuma a fara gwajin daga ƙaramar hukumar Sabon Gari.

Malam ya gano ciwo na gaskiya, kuma ni ma yana damuna. Duk wanda ya buɗe rajistar ajin farko a kowace firamare tsakanin Hayin Dogo da Cikaji zai sha wuya kafin ya ga Talatu ɗaya ko Ɗanlami ɗaya. Akwai matasa da yawa da ba su san me ya sa ake kiran kakarsu Delu ba, wasu ma ɓoye sunan suke yi a gaban abokai. Inda muka rabu da Malam shi ne wanda ya ɗora wa laifin da kuma maganin da ya rubuta. Idan aka bi shawararsa, za a yi asarar abin da ya rage mana, ba kuma za a dawo da wanda ya tafi ba.

Mu fara da ƙasashen da ya kafa hujja da su, domin bai kawo labarinsu cikakke ba. Gaskiya ne Aisilan tana da kwamitin sunaye na mutum uku, wanda aka kafa a 1991, kuma iyayen da suke son sunan da ba ya cikin rajista sai sun nemi izini. Amma aikin kwamitin ba tantance sunan da ya fito daga addinin kakanni da wanda ya zo da Kiristanci ba ne. Abin da yake dubawa shi ne ko sunan zai shiga nahawun harshensu, ko za a iya rubuta shi da haruffansu, da kuma ko zai jawo wa yaro abin kunya. Shi ya sa Jón, wanda ya daɗe yana kan gaba a sunayen maza a ƙasar, ba sunan gargajiyarsu ba ne. Asalinsa Yohanna ne na Littafi Mai Tsarki, ya shigo bayan da ƙasar ta karɓi Kiristanci a wajajen shekara ta 1000, harshensu ya lanƙwasa shi har ya zama nasu. Haka Lars da Nils da Per da Jens da Karin, waɗanda kowa yake ji ya ce na mutanen Suwidin ne ko Denmak, duk daga sunayen waliyyan coci aka samo su. A ƙarni na 19 kishin ƙasa ya sa an sake tono tsofaffin sunaye irin su Sigrid da Harald, amma ba a kori Anna da Mariya ba. Suna nan tare a gida ɗaya har gobe.

To wannan aikin da Aisilan take biyan kwamiti ya yi, bakin Bahaushe ya gama shi tun ƙarnoni da suka wuce. Abdullahi ya zama Audu, Ibrahim ya zama Iro, Muhammadu ya zama Mamman, Adamu ya zama Ado, Sulaimanu ya zama Sule. Hadiza da Dije sun fito daga Khadija, Mairo daga Maryamu. Wasu kuma aka ba su laƙabin da ya manne musu har ya zama suna, kowane Abubakar Garba ne, Umaru Sanda, Usman Shehu, Yusufu Maitama, A'isha Indo, Hauwa Kulu, Fatima Binta. Ka je Makka ka kira Garba ko Indo ka ga wanda zai waiwayo in ba ɗan ƙasar Hausa ba. Waɗannan sunaye namu ne kamar yadda Jón yake na mutanen Aisilan, kuma wanda ya ce a ajiye Abubakar, Garba ya ce a kora.

Tarihin ƙasar Hausa ma bai goyi bayan Malam ba. Tun da Wangarawa suka iso Kano zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, manyan ƙasar Hausa suna biyu suke ɗauka, na Musulunci da na gida, shi kansa Ali Yaji ake ce masa. Muhammadu Rumfa, wanda ya hau a 1463, haka. A Zazzau, gidan Bakwa Turunku ɗaya ne ya fitar da Amina da ƙanwarta Zariya, wadda tarihin baka ya ce sunanta birnin ya ci. Sarakunan Haɓe na ƙarshe su ne Isiyaku Jatau da Muhammadu Makau. Ƙanin Makau, Abubakar Ja, shi ya kafa garin Abuja a 1828, kuma sunansa ne babban birnin Nijeriya yake amsawa a yau, rabinsa Larabci rabinsa Hausa. Jihadi bai rushe wannan tsari ba. 'Ya'yan Shehu Usmanu da kansu akwai Muhammadu Bello da Muhammadu Sambo, kuma Bello da Sambo sunayen Fulatanci ne. A gadon sarautar Zazzau bayan jihadi an yi Sambo, an yi Yero, an yi Kwasau wanda Turawa suka tuɓe a 1902. A zamaninmu an yi Abdulƙadir Balarabe Musa a gidan gwamnatin Kaduna daga 1979 zuwa 1981, an yi Ibrahim Shekarau a Kano daga 2003 zuwa 2011. Fiye da shekara ɗari shida sunayen nan biyu suna tafiya tare. In da Larabcin ne yake kashe na Hausa, da bai jira zamaninmu ba.

Akwai kuma tambayar da nake so Malam ya amsa: wane suna ne zai shiga jerin nasa na tsantsar Hausa? A maƙalarsa ya yi kukan ɓacewar Ladi da Talatu da Larai da Lami da Jummai da Asabe. Amma Lahadi da Talata da Laraba da Alhamis da Juma'a da Asabar duk daga Larabci muka aro su. Idan kwamitin ya tsaya a kan ƙa'idarsa, Ɗanjuma da Balarabe ne za su fara faɗuwa, Azumi da Sallau su bi bayansu. Lawal da Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu kuma fa? Ƙidayar Larabci ce, amma Bahaushe ne ya mayar da ita hanyar bambance Muhammadu na farko da na biyu da na uku a gida ɗaya. Harshenmu da addininmu sun daɗe da cuɗanya, ba wanda zai raba su yau ba tare da ya yanki nama mai rai ba.

Babban abin da Malam bai lura da shi ba shi ne yadda sunan gargajiyar Hausa yake samuwa. Mace mai ciki a Oslo tana iya buɗe littafin sunaye ta zaɓi Ingrid don ya yi mata daɗi a kunne. Sunan Hausa ba a zaɓensa haka, yaro ne yake zuwa da abinsa. Tanko shi ne namijin da ya biyo bayan mata, Delu ko Kande macen da ta biyo bayan maza. Gambo sai bayan tagwaye. Shekarau shi ne wanda cikinsa ya daɗe, Cindo mai yatsa shida, Mairiga wanda ya fito a lulluɓe, Anaruwa wanda ya faɗo ana tsuga ruwa, Marka 'yar tsakiyar damina, Auta kuma sai an tabbatar an rufe. Ba za ka ɗauki ɗan fari ka ce masa Gambo don ka gani a jerin gwamnati ba, tsofaffin unguwa za su tambaye ka ina Hassan da Usaini. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan labarin ranar haihuwa ne a dunƙule, kuma ma'aikacin ofis bai san wannan labari ba. Ungozoma ce ta sani, da kaka, da gwaggo.

Wasu sunayen ma ba na marmari ba ne. Ajuji da Ayashe da Barmani sunayen wabi ne, uwar da ta binne 'ya'ya biyu ko uku a jere ita ke kiran na gaba da su, ko dai ta nuna kamar ba ta damu da shi ba ko mutuwa ta ƙyale shi, ko kuma ta roƙi a bar mata wannan. Hawaye ne ya haifi waɗannan sunaye. Mu san su, mu girmama iyayen da suka sha wannan baƙin ciki, amma addu'armu ita ce rigakafi da kulawar asibiti su sa kada wata uwa ta sake buƙatarsu. Ba kowane abin da ya tsufa ne ake so ya dawo ba.

Wanda yake son ya ga inda matsalar take, ya halarci suna a Hayin Dogo ko Bomo. Ranar bakwai da sassafe an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, rago yana ɗaure, ana zagayawa da faranti na goro da dabino da alewa. Liman ya yi addu'a, ya faɗi sunan da uba ya riga ya yi wa jaririya huɗuba da shi, a ce Fatima, jama'a su shafa, kowa na cewa Allah Ya raya. Wannan shi ne sunan yanka, kuma ba wanda ya taɓa jayayya a kansa. Sai labari ya shiga cikin gida, inda wanzami yake jiran aski, mata sun cika ɗakin mai jego, ana dama kunun kanwa. Fatima sunan mahaifiyar maigida ne, don haka mai jego ba za ta iya kama shi da bakinta ba har abada, alkunya ta hana. Dole a samo wani sunan da za a riƙa kira. A da, a daidai wannan lokaci ne wata tsohuwa za ta ce ai ranar Alhamis ta zo, Lami ce, ko ta ce bayan maza uku ta zo, ga Delu. Shi ke nan suna ya kama.

Wannan gurbi yana nan har yau, bai mutu ba, domin alkunya ba ta mutu ba. Abin da ya canza shi ne mai cike shi da abin da ake cike shi da shi. Yanzu ƙawayen mai jego ne suke duba waya, su fito da Afnan ko Amal ko Ilham, ko kuma a taƙaita a ce Momi, namiji a ce Dadi ko Halifa. Kafin azahar an buga sunan a jikin kalanda da jakar rabo, an ɗora a WhatsApp. Kakar tana zaune a gefe, ba wanda ya tambaye ta. Fatima ba ta kori Delu ba, tana nan inda take tun zamanin kakanni. Mu ne muka karɓe gurbin Delu muka ba Momi.

Dalilan da suka jawo haka a fili suke. Na farko kunya. An wayi gari ana ganin Tanko da Kande sunayen ƙauye ne, sunayen 'yan aiki da masu tallar nono, har a wasannin kwaikwayo in ana son a nuna baƙauye sai a ba shi irin wannan suna. Na biyu, yanayin zama. Samaru gari ne da ya girma a gefen tashar binciken aikin gona da Turawa suka kafa a shekarun 1920, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962. Yawancin mazauna ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan kasuwa da suka baro garuruwansu, ana haihuwa a asibiti, kaka tana Giwa ko Ikara ko Malumfashi, sai ranar suna za ta zo ta koma. Na uku, takarda. Fom ɗin makaranta da na banki da na lambar zama ɗan ƙasa ba su san mutum mai sunan yanka da sunan gida ba. Wanda takardar firamarensa ta ce Ɗanladi, katinsa kuma ya ce Yusuf, sai ya yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu kafin ya rubuta jarrabawar shiga jami'a, don haka iyaye suka gwammace su bar ɗaya. Kunyar da na fara ambata ma ba ta tsaya kan Delu ba, ta kai ga Hadiza da A'i. Duba yadda 'yan mata suke rubuta sunayensu a Facebook, Khadeejah da Aeesha da Fateemah, ana gudun duk wani abin da zai nuna bakin Bahaushe ya taɓa sunan. Ashe ba tsakanin Larabci da Hausa rigimar take ba, raina kai ne yake cin mu.

A nan dole in juya ga wasu da suke ɗaya gefen, waɗanda suka mayar wa Malam da martanin cewa duk sunan da ba na Larabci ba Maguzanci ne. Su ma sun wuce gona da iri, kuma irin maganarsu ta taimaka wajen sa mutane ƙyamar sunayen iyayensu. Ya tabbata cewa sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa wasu sahabbai suna, kamar yadda ya mayar da Barra ta zama Zainab saboda yabon kai da ke cikin sunan. Ma'ana ya duba, ba harshe ba. Duk ɗalibin da ya zauna a zaurukan birnin Zazzau, garin da ya yi suna a nahawu, ya san malamai suna lissafa Ibrahim da Isma'ila da Ishaƙa da Yusufu a cikin sunayen ajami, wato waɗanda asalinsu ba Larabci ba ne. Larabawa da kansu suna sa wa 'ya'yansu Jumu'a da Khamis da Ramadan da Rajab. Wane laifi ke cikin Ɗanjuma da babu shi a cikin Jumu'a? Sunan da ya jingina bawa ga wanin Allah ko yake ɗauke da mummunar ma'ana, a bar shi ko da wane harshe ne. Sauran kuwa halal ne.

Saura batun kwamiti, wanda shi ne mafi haɗari a shawarar Malam. Mutanen Aisilan gaba ɗayansu ba su kai rabin miliyan ba, harshensu ɗaya. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya kaɗai mutum fiye da 400,000, lokacin Aisilan tana wajajen 300,000. Duk da wannan ƙanƙanta, dokar ta cuci wasu. Akwai yarinyar da uwarta ta sa mata Blær, kwamiti ya ce sunan maza ne, aka yi ta rubuta mata kalmar da ke nufin yarinya a takardun hukuma har ta kai shekara 15, sai a 2013 kotu ta ba ta sunanta. Ka ɗauko wannan ka kawo Sabon Gari, garin da ya tashi da zuwan jirgin ƙasa a wajajen 1911, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe da Bajju da Atyap suke layi ɗaya a ofishin rajistar haihuwa. Da nahawun wa za a auna sunan jariri? Wa zai zauna a kwamitin, malaman wace aƙida, limaman wace coci? A ƙasar da har yanzu ake lallashin iyaye su zo su karɓi takardar haihuwa, ƙara shinge a bakin ofis zai ƙara yawan yaran da ba su da takarda ne kawai, ya buɗe sabuwar ƙofar cin hanci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, sunayen nan sun bazu ne a Sabon Gari ba tare da doka ba. Akwai 'ya'yan Yarbawa da na Ibo da aka haifa a nan da maƙwabta suke kira Ɗanladi ko Talatu, su kuma suna amsawa da jin daɗi. A Wusasa, Hausawa Kiristoci sun riƙe Ladi da Asabe da Ɗanlami kusa da Bulus da Ishaya. Janar Theophilus Ɗanjuma Bajukune ne daga Takum. Ba abin mamaki ba ne, domin maƙwabtanmu suna da irin wannan tsari: Idowu na Yarbawa shi ne Gambonmu, Okafor da Nwankwo na Ibo sunayen ranakun kasuwa ne, Kofi na mutanen Gana kuwa, kamar Kofi Annan, ɗan ranar Juma'a ne. Sunayen rana suna cikin 'yan abubuwan da Musulmi da Kirista suke tarayya a kansu a wannan yanki. Ranar da gwamnati ta mayar da su tilas, ko aka mayar da su tutar yaƙi da sunayen Musulunci, ranar za su zama abin gaba.

Gyaran yana hannunmu, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Uba ya ci gaba da yanka rago da Abubakar ko Maryamu kamar yadda aka saba. Amma in aka shiga cikin gida, a tambayi tsohuwa kafin a tambayi waya. In an je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, fom ɗin yana da gurbin suna na tsakiya, a rubuta Maryam Talatu ko Abubakar Tanko tun ranar farko, yadda kowace takarda za ta zo da shi ba sai an je kotu ba. Limamai su faɗa a wurin suna cewa wannan ba saɓo ba ne. Malaman Hausa a firamare su ba yara aikin gida su tambayo sunan kakarsu da dalilinsa. Masu shirya finafinai su daina ajiye Tanko a matsayin maigadi, su ba likita da alƙali sunan. Malaman harsunan Afirka na jami'ar da ke ƙofarmu su fitar da ƙaramin littafi mai araha na sunaye da yanayin da ake sa su, wanda za a iya ba mai jego tare da kayan barka.

Malam, kishinka na gaskiya ne, kuma na gode da ka tayar da maganar. Amma Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma ba a miƙa wa baƙo linzamin ɗanka, ko da baƙon gwamnati ce. Ka janye batun kwamiti, ka daina ganin Garba da Indo a matsayin abokan gaba. Mu haɗa ƙarfi a kan abin da za mu iya, mu da muke halartar suna kusan kowane mako a Samaru da Sabon Gari: mu cire wa mutanenmu kunyar sunayen iyayensu, mu mayar wa kakanni haƙƙinsu na raɗa sunan gida, mu rubuta shi a takarda. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa su san asalinsu su kuma riƙe addininsu.